Fitilar rainon bonsai a ɗaki: abin da na gani bayan na yi amfani da ita a Katsina

Fitilar nan faranti ce mai kusurwa huɗu, faɗinta taƙi ɗaya da rabi, cike da ƙananan ƙwayayen LED, an ƙera ta don tsiro irin bonsai, wato bishiyar da ake raino 'yar ƙarama a cikin tukunya. Ta intanet na saye ta, aka aiko mini daga Legas na karɓa a tasha. A jikin kwalin an rubuta wat 1000 da manyan baƙaƙe. Ƙanena mai aikin sola ya jona mata mita, ya duba, ya kwashe da dariya.

"Yaya, wannan ko wat 50 ba ta ci. Da dubun ce da gaske, ai kafin Isha'i batirinka ya kwanta."

Wat 45 mitar ta nuna. Masu sayarwa na kafa hujja da cewa haskenta ya yi daidai da na tsohon ƙwai mai wat dubu, maganar da ni ban gamsu da ita ba. Amma ƙaryar ta zo mini da sauƙi: awa 12 a rana wat-awa 540 ke nan, abin da inbata ta gida ke ɗauka ba tare da an kashe fanka ba.

Wani zai ce me ya kai Bakatsine sayen rana da kuɗi? Haya nake a bene wajen Ƙofar Ƙaura, ba tsakar gida, ba baranda, sai tagogi biyu masu kallon arewa. Kuma gininmu a nan na gudun rana ne: taga ƙarama, ga ƙarfe, ga ragar sauro, ga labule mai kauri saboda ƙura. Ido kuwa yana yaudara, don da ka shigo ɗaki sai ya saba, ka ga ko'ina fes. Na sauke manhajar auna haske a waya, wadda ke ba da lissafi da luks. A fili da tsakar rana, haske na kaiwa wajen luks 100,000. A tsakiyar falona, inda nake karanta jarida ba wahala, abin da na samu bai kai 300 ba. A bakin taga, labule a ɗage, wajen 2,000. Bishiyar da asalinta a daji take shan rana tun hantsi har la'asar, ita ce aka ajiye a wannan duhun.

Cediyata ce ta fara nunawa. Bonsai, wannan fasaha da ta faro daga Sin ta bunƙasa a Japan, kyanta shi ne ƙaramin ganye da gajeriyar gaɓa, ta yadda bishiya mai tsawon kamu ɗaya za ta yi kama da tsohuwar da ke ƙofar fada. Tawa kuwa sai ta riƙa miƙa reshe siriri wajen taga, tazarar ganye da ganye ta kai tsawon yatsa, ganyen ya yi fala-fala, korensa ya koɗe. Ƙasar tukunyar ma ta daina bushewa da wuri, saboda tsiron da bai samu haske ba ba ya shan ruwa sosai, kuma daga nan saiwa ke fara ruɓewa.

Da fitilar ta zo, abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne nisan da zan rataye ta. Takardar cikin kwalin ba ta ce uffan a kai ba. Da na auna a tazarar mita ɗaya, luks 1,500 na gani, wato ko bakin taga ya fi ta. A santimita 60, wajen 4,000. A santimita 30, ya haura 12,000. Haske daga ƙaramar fitila haka yake: ka ninka nisa, ya ragu kusan zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Duk wanda ya maƙala ta a silin don ta yi kyan gani ya yi asarar kuɗinsa. A santimita 30 na bar ta, na ɗora bayan hannuna a kan ganyen sama na ɗan jima, ɗumi kaɗan na ji, ba zafi. Rassan ƙasa sun fi na sama nisa da ita, shi ya sa na jingina farin kwali a bayan tukwanen yana mayar da haske, kuma ina juya su duk Juma'a.

Tana da maɓalli biyu. Ɗaya na ba da haske ja da shuɗi gauraye, mai launin shunayya, ɗayan fari tas irin na hantsi, wanda aka rubuta 6500K a kansa. Gaskiya ne ja da shuɗi ne ganye ya fi amfani da su wajen haɗa abincinsa, amma na daina kunna wancan. Na farko, a ƙarƙashinsa ganye baƙi yake zama, ba ka gane mai lafiya da mai ciwo, balle ka hango jan gizo-gizon nan ƙanana da ke addabar tsiro a busasshiyar iskar hunturu. Na biyu, manhajar waya da idon mutum aka daidaita ta, lissafinta a kan wannan launi ba abin dogaro ba ne. Na uku kuwa, maƙwabta sun fara tambayar Maman Abba ko wani sabon abu muka buɗe a sama.

Sakamakon ya bambanta daga bishiya zuwa bishiya. Cediya ta karɓa hannu bibbiyu. Sabon tohon da ya fito bayan na datse ta gajere ne, ganyen bai kai rabin na da ba, mai duhun kore da sheƙi, har saiwoyin iska suka fara leƙowa daga gindin reshe. Durumi ma ya murmure, ko da yake ganyensa babba ne tun asali, ba ya raguwa da sauƙi. Dangin ɓaure gaba ɗaya suna da haƙurin inuwa, shi ya sa ko a ƙasashen sanyi su aka fi ajiyewa a ɗaki. Tsamiya tana raye, tana naɗe ganyenta da almuru ta buɗe da safe yadda ta saba, amma gindinta bai ƙara kauri ba. Kuka da kariya kuwa fitilar ba ta yi musu komai ba. Kariya ba ta yi fure ko ɗaya ba, kuka ta zubar da ganye da rani ya shigo, da damina ta fito da 'yan ƙalilan. Waɗannan rana suke so gadan-gadan, luks 12,000 bai kai musu ko'ina ba. Na kai su gidan Hajiyarmu a Daura, aka ɗora su a kan katanga inda awaki ba sa kaiwa.

Inda na fi jin haushin fitilar shi ne na'urar saita lokaci da ke jikin wayarta. Kana iya saita ta ta yi awa 12 ta mutu da kanta, wanda ya dace, don tsiro na bukatar duhun dare. Sai dai da an ɗauke wuta ko na minti ɗaya ne, ta mance komai, ba za ta sake kamawa ba sai an danna. Wanda ya ƙera ta bai san ƙasarmu ba. Sai da ƙanena ya mayar da ita layin inbata, yanzu tana kamawa bayan Asuba ta mutu wajen Magariba. Adaftarta ma tana zafi sosai a watan Afirilu, na cire ta daga bayan kujera na ɗora a kan bulo. Wayoyin ratayewa sirara ne, na canza su da sarƙa. Da hazo kuma dole a goge farantin da busasshen ƙyalle, a goge ganye da mai laima, don ƙurar da ta kwanta tana cin wani kaso na hasken.

Mai tagar gabas da rana ke shiga da safe, ko tagar kudu daga Oktoba zuwa Fabrairu lokacin da rana ke karkata can, ya fara aunawa da waya kafin ya kashe kuɗi, wataƙila ba ya bukatarta. Mai ɗaki irin nawa da ke rainon cediya ko durumi, ta cancanci saye, amma faranti ɗaya tukunya biyu zuwa uku kawai yake ɗauka. Kafin ka tura kuɗi, ka sa mai sayarwa ya faɗa maka ainihin wat ɗin da take ja daga soket, ya kuma zare ta ya sake jonawa a bidiyo ka ga ko tana kamawa da kanta.