Tsiron fan da na saya a wani lambu a Kaduna, bayan shekara guda

A bayan gidanmu da ke Kaduna akwai ɗan fili tsakanin katanga da bishiyar mangwaro, wanda rana ba ta sauka a kansa sai na ɗan lokaci da hantsi. Duk furen da na dasa a wurin sai ya zanƙale, ya rame, ya ƙi yin fure. Wannan ne ya kai ni ɗaya daga cikin lambunan sayar da tsirrai da ke bakin titi a farkon daminar bara, kuma tun da abin da na saya ya ga damina, ya ga hunturu, ya kuma tsallake zafin bazara, ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi ra'ayina a kan lambun da kuma tsiron.

Abin da ya fara burge ni shi ne mai lambun, wani dattijo, bai yi gaggawar karɓar kuɗina ba. Sai da ya tambaye ni tsawon lokacin da rana take taɓa wurin, da kuma ko muna samun ruwa da rani, sannan ya wuce da ni ta layin furanni masu launi zuwa wata rumfa da ke can ciki, inda ya jera tsiron da suke kira fan. Ganyensa dogaye ne masu lanƙwasa, kowanne da ƙananan ganyaye a jere hagu da dama kamar gashin tsuntsu, sabon toho kuwa yana fitowa a nannaɗe ne kafin ya warware a hankali. Nau'in da ya ba ni shi ne fan ɗin Boston, wanda masana suke kira Nephrolepis exaltata. Asalinsa daga yankuna masu zafi da danshi na nahiyar Amurka ne, sunan Boston kuwa ya samo shi ne bayan an lura da irinsa a shekarar 1894 cikin wasu tsirrai da aka aika birnin Boston daga birnin Filadelfiya, duka a ƙasar Amurka.

Dattijon ya gaya mini tun a wurin cewa kada in jira fure, domin fan ba ya fure kuma ba ya 'ya'ya. Ya juya wani ganye ya nuna mini ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa da suka jeru a bayansa, ya ce mutane da yawa suna ɗaukarsu cuta har su yanke ganyen, alhali kuwa a cikinsu ne tsiron yake ajiye garin da danginsa suke hayayyafa da shi. Wannan bayani ya yi mini amfani daga baya, lokacin da wasu ƙwari masu ɓawo suka manne a jikin kara. Su a warwatse suke, kuma suna barin danƙo a ganye, saboda haka ban rikita su da ɗigo-ɗigon bayan ganyen ba, na goge su da auduga da ruwan sabulu mai sauƙi.

Inda lambun ya gaza shi ne ƙasa. Guda ukun da na saya duk a cikin baƙar leda suke, cike da jar ƙasa mai laka wadda take riƙe ruwa kamar taɓo, kuma ba a gargaɗe ni a kan haka ba. Cikin mako uku na ruwan Agusta guda ɗaya ya yi rawaya, da na zare shi na tarar da saiwar ta yi baƙi tana wari. Sauran biyun na mayar da su tukwanen ƙasa masu huji a gindi, na haɗa ruɓaɓɓen ganye da buntun shinkafa da ɗan yashi, suka farfaɗo. Mai lambun da ya san tsiron nan haka bai kamata ya sayar da shi a irin wannan ƙasa ba.

Hunturu shi ne jarrabawa ta gaskiya. Iskar Disamba da Janairu tana busar da bakin ganye ko da ƙasar tana da danshi, ƙura kuma tana rufe korensa. Na matso da tukwanen jikin katanga inda iska ba ta kaɗawa, na haɗa su wuri ɗaya, na lulluɓe bakin ƙasar da busasshen ganyen mangwaro, ina wanke musu ƙura da yayyafi kowace safiya, ganyen da ya mutu kuma ina yanke shi daga tushe. Duk da haka sun yi asarar ganye mai yawa, sai da ruwan farko ya sauka suka cika tukwanen da sabon toho, har na raba ɗaya gida biyu da wuƙa.

Zan koma lambun, kuma ina ba wanda yake da inuwa da wadataccen ruwa shawarar ya je, amma ya tanadi tukunya da ƙasa mai sauƙi tun kafin ya fita daga gida, ya sauya wa tsiron mazauni a ranar da ya kawo shi.