Sikima ko magudanar ƙasa, wanne ya fi wa mai tarwaɗa?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsakanin sikimar da aka tallata maka don kumfar tafkinka (na'urar da ke busa ƙananan ƙwayoyin iska cikin ruwa, su kwashi datti zuwa wani kofi a samanta) da gyaran magudana haɗe da famfon iska, ka gyara magudana.

Tafkunana na tamfol suna hanyar Dadin Kowa, kuma ka san bazarar Gombe, Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40. A lokacin kumfa ke yi mini yawa, da asuba ka tarar ta taru a kusurwa, ruwan yana ƙarni. Na sa aka karkata ƙasan tafkin zuwa gefe guda, aka dasa bututu can ƙasa. Kullum kafin in ba su abinci sai in buɗe, baƙin ruwa mai kauri ya fara fita, kashin kifi ne da ragowar abinci. In rage kamar kashi ɗaya cikin uku, in cika da ruwan burtsatse, in kunna famfon iska da dare. Wallahi kifin suka dawo cin abinci da ƙarfi, kumfar ta ja baya da kanta. Ruwan da na zubar ma bai tafi a banza ba, alayyafon da ke bayan tafkin shi ya fi na kowa kyau a layinmu.

Ita sikima don ruwan teku aka ƙera ta. Gishiri ne ke hana ƙananan ƙwayoyin iska haɗewa, su daɗe har datti ya manne musu su hau da shi cikin kofi. A ruwan daɗi haɗewa suke yi su fashe kafin su kai sama. Masu kifin ado a ƙasashen waje suna sa manyanta ta ɗan yi aiki, amma da wuta dare da rana.

Kuma ba ta cire amoniya, gubar da ke fitowa daga jikin kifi da ruɓaɓɓen datti, wadda ita ce mai kisa. Ba a ganinta da ido, dafinta kuma ƙaruwa yake idan ruwa ya yi zafi. Tarwaɗa tana shaƙar iska daga sama, shi ya sa take jurewa har mutum ya zaci lafiya lau. Da karfasa ce da tuni ka fara kwasar gawa.

Ka yi hattara da masu sayarwa. Za su nuna maka bidiyo a waya, kofi cike da kumfa ruwan ƙasa, ba za su ce maka tankin ruwan gishiri ba ne. Wasu kuma kwalba suke miƙo maka wai maganin kumfa. Kwantar da ita kawai yake yi, dattin yana nan a ruwa.

Yau ɗin nan ka rage abinci. Abin da ba su cinye cikin minti 15 ba ya yi yawa. Kuɗin sikimar ka sayi bututu, famfon iska da abin gwada amoniya.