Shagon katakon da nake saye a wajen Ƙofar Ƙaura

Ni ba kafinta ba ne, malamin makaranta ne, sai dai duk Asabar ina zaure da zarto da guduma. Shekara uku ke nan a wannan shagon nake sayen katako.

Abin da ya riƙe ni shi ne mai shagon ba ya ɓoye maka ɗanyen katako. Ranar da na je neman na teburin cin abinci, na ɗauki wani falankin malaina mai kyan gani, tsawon ƙafa 12, ya ce, "Malam, ajiye wannan, bai bushe ba. Hunturu na shigowa zai lanƙwashe." Ya jawo mini madaci daga can ƙasan tari, ja, mai nauyi, ya ƙwanƙwasa shi na ji ƙararsa. Madaci ya fi tsada, kuma ya wahalar da zartona sosai, amma da na goge shi da samfefa na shafa banish, uwargida da kanta ta daina yi mini tsiyar ɓarnar kuɗi. Har yau gara ba ta taɓa shi ba.

Inda suke ba ni haushi wajen injin yanka ne. Yaran ba sa auna abu sau biyu. Ƙafafun kujera huɗu na ba su, ɗaya ta dawo da gibin kusan rabin inci, dole na rage sauran ukun. In aka ɗauke wuta kuwa, sai ka wuni kana jira. Yanzu da tef ɗina nake zuwa, in tsaya a kansu har su gama.