Fender ko Gibson: wace lamba ce ta fi faɗin shekarar jita?

Ɗan'uwa, ka ce an nuna maka tsofaffin jita biyu, Stratocaster ta kamfanin Fender mai lambar shaida da ta fara da L, da ta kamfanin Gibson mai lamba mai adadi shida a bayan kan jitar, kuma kana son sanin wadda lambarta za ta ba ka tabbacin shekara. Ko wacce da irin matsalarta.

Fender ta fara buga lamba a farantin ƙarfen da ke haɗa wuya da jiki a 1954. Mai L a gaba daga 1963 zuwa 1965 ne, wato dab da lokacin da kamfanin watsa labarai na CBS ya sayi Fender a farkon 1965, kuma masu tara jita suna daraja na kafin wannan ciniki ƙwarai. Daga ƙarshen 1965 sai aka koma faranti mai babban F. A 1976 lambar ta koma kan jita, harafin S a farkonta na nufin shekarun 1970, E na 1980, N na 1990. Sai dai a zamanin faranti ma'aikata ba sa ɗaukar farantan a jere, wanda hannu ya kai shi ake ɗaurawa, don haka lambar kewayo kawai take bayarwa. Abin da ya fi damuna shi ne sukurori huɗu ne kacal ke riƙe farantin. Kowa na iya cire na tsohuwa ya ɗaura wa sabuwa.

Amma Fender tana da sauƙi ta wani gefen: wuyanta na kwancewa. A gindin wuyan sau da yawa za ka tarar da wata da shekara, da fensir ko da hatimi. In hannunka bai saba ba, bar mai gyara ya kwance.

Gibson fa, wuyanta da gam aka manne, babu wannan dama. Tsakanin 1953 da 1961 jita marasa rami a ciki irin Les Paul suna da lambar tawada, adadin farko shi ne shekara, 9 na nufin 1959. Daga 1961 zuwa 1975 ne abin ya dagule, domin masana'antar Gibson ta garin Kalamazoo a Amurka ta maimaita lambobi, har lamba ɗaya ta faɗa a shekaru daban-daban. Taka mai adadi shida da alama tana cikin wannan rukuni. Duba ƙasan lambar: in an buga cewa a Amurka aka ƙera ta, galibi daga 1970 ne zuwa sama. Haka ma in akwai ɗan tudu a bayan wuya wajen da ya haɗu da kai. Daga 1977 sai Gibson ta fi Fender tsari nesa ba kusa ba. Har zuwa 2005 adadi takwas ne, na farko da na biyar su haɗu su ba da shekara, na biyu zuwa na huɗu ranar shekara. 82765501 ke nan rana ta 276 a 1985.

Shaidar da ke aiki ga duka biyun tana ƙarƙashin maɓallan ƙara da rage sauti. A bayan waɗannan 'yan na'urori akwai lamba: 137 kamfanin CTS ne, 304 Stackpole, sai shekara da mako. 1376412 na nufin CTS, mako na 12 a 1964. Ba a ƙera jita kafin kayan cikinta, sai dai in an sauya su daga baya, kuma sabon dalma a kan waya yakan tona wannan.

A ganina, Fender ɗinka ta fi saurin tantancewa, matuƙar faranti da gindin wuya da na'urorin sauti sun yi daidai da juna. Gibson ɗin kuwa kada ka biya kuɗin shekarun 1960 a kan lamba kaɗai. Turo mana hoton bayan kan da na cikin ramin wayoyi mu duba tare.