Asibitin kwakwalwar da muka kai kanina, na ba su tauraro 4 cikin 5

Sunan asibitin dai ba zan kama ba, na gwamnati ne, kuma wata bakwai kenan muna zarya can.

Kanina ne ya fara surutai shi kadai, baya barci, wai makwabcinmu na zuba masa guba a rijiya, ranar nan kawai ya suri tabarya ya rotsa wa bawan Allah kai, dinki takwas aka masa. Kwana uku kanina yayi a bayan kanta. Yan unguwa suna ta cewa a kai shi kotu a daure, iskanci ne kawai da shaye-shaye, kawunmu kuma ya kafe sai gidan mari, ni ko tunda naga abinda aka fito da shi a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum sama da 300 wasu da sarka a kafa, nace wallahi ba da ni ba.

Layi kam akwai shi, in baka je bayan asuba ba to ka shirya wuni, kuma sau biyu fayil dinmu na bacewa a dakin kati. Bandaki kar ma a yi maganarsa. Magani rabi a ciki rabi a ce ka je kemis a waje.

Amma likitar, Allah Ya saka mata. Ta zauna da shi ya fi rabin awa, shi kansa take tambaya ba mu ba, "malam me kake ji, muryar me take ce maka", abinda mu a gida babu wanda ya taba yi sai tsawa. Sati uku aka kwantar da shi. Da aka fara masa wani maganin kwakwalwa haloperidol wuyansa ya sankare har Hajiya ta fara kuka tana cewa sun karasa mata yaro, wani nas yace Hajiya kwantar da hankalinki illar maganin ce, aka hada masa da wani magani Artane wuyan ya sake. Yanzu allurar wata-wata yake karba, yana barci, ya koma shagon dinkinsa.

Da na roki takardar da zan kai wa yan sanda ta rubuta, amma ta gaya min baro-baro ita magani take yi, wanke mutum daga laifi aikin alkali ne, shi zai duba ko lokacin da abin ya faru yaron ya san me yake yi. Limaminmu ma kusan haka yace, an dauke wa mahaukaci alkalami, amma jinin da ya zubar ba ya tafiya a banza, dangi ne zasu dauka. Mu muka biya kudin dinki da magani, muka je ban hakuri da manya sau uku kafin makwabcin ya janye kara.

Tauraro dayan da na rage ba don bandaki bane. Duk zaryar nan babu wanda ya taba tambaya ya wanda aka fasa wa kai yake, ko a kira shi a masa bayanin ciwon nan ko hankalinsa ya kwanta, katanga daya ce fa tsakaninmu, yaransa har yau in sun hango kanina gudu suke. Gaisuwata ma da kyar yake amsawa kuma ban ga laifinsa ba.

In zaku je ku tafi da ruwanku da dan abin zama, kuma ku dauki hoton katinku a waya.