Hotline Miami na ɗaya ko na biyu, wanne za ka saya?

Ni dai ba zan ɓoye ba, in kuɗin gem ɗaya gare ka to na farkon za ka ɗauka, wanda ya fito a 2012. Wasu samari biyu ƴan ƙasar Suwidin ne suka haɗa shi, Jonatan Söderström da Dennis Wedin, sunan kamfaninsu Dennaton, Devolver Digital kuma suka fitar da shi. Labarin a Miami yake a 1989, wani gaye da ake ce wa Jacket ana bar masa saƙo a waya, sai ya saka fuskar dabba ya shiga gidan ƴan daban Rasha ya gama da kowa. Daga sama kake kallon komai, kuma duka ɗaya ake maka ka mutu, ka danna R a kibod ka dawo nan take.

Abin da ya sa nake son shi, ɗakunan ƙanana ne. Ka banki ƙofa ta kada mutum, ka ɗauki sandar da ta faɗi a hannunsa ka jefi na biyun, kafin na ukun ya juyo ka riga ka isa kansa, duk cikin daƙiƙa kaɗan, kiɗan M.O.O.N da Perturbator na dukan kunnenka. In ka mutu ma ka san laifinka ne. Ga fuskokin nan kowace da amfaninta, Tony damisa naushi ɗaya yake kashewa, Don Juan doki kuwa ƙofar ma kisa take. Sannan in ka gama sai kiɗan ya ɗauke, dole ka tako ta kan gawarwakin da ka zubar har ka koma mota. Wallahi wurin nan yana taɓa zuciya, kuma shi ya sa nake cewa ba gem ɗin yara ba ne, jinin ya yi yawa sosai.

Na biyun, Wrong Number, 2015 ya fito. Ya fi tsawo, mutum 13 kake bugawa da su, kiɗan ma ba laifi musamman na Carpenter Brut. Amma filayen sun yi faɗi, wani can da ba ka ma gani a sikirin zai harbo ka ta taga, ka koma laɓe bayan bango kana leƙe kana jawo su ɗaya-ɗaya. Wannan abu ya ƙona min rai ba kaɗan ba, duk gem ɗin da zai kashe ni daga inda idona bai kai ba ya fita a raina. Ostireliya ma ƙin ba shi izinin sayarwa suka yi saboda wani wuri na fyaɗe a farkonsa, ka san da wannan kafin ka saya.

Yanzu maganar ƴan damfara, don nan ne aka fi cutar mutane. Akwai shafukan da ke sayar da lambar gem, wato lambar da kake sakawa a shago a buɗe maka gem ɗin, da arha kamar kyauta, da yawansu da katin banki na sata aka sayo lambobin, ni an taɓa sayar min da irinta, gem ya yi aiki ƴan kwanaki sai kawai aka janye shi, mai sayarwar kuma ya ɓace. Akwai masu ce maka ga akawun ɗin Steam, shagon gem na kwamfuta, cike da gemomi, ka biya su ba ka faswod, gobe su canza shi. Akwai kuma masu APK ɗin nan na "kyauta", wato fayil ɗin saka gem a wayar Android, da hoton fuskar zakara ta Jacket a jiki, ka sauke sai talla ta cika maka waya, wani ma yana neman izinin karanta saƙonninka, me ya haɗa gem da saƙonni? Ka duba sunan Devolver Digital a shagon kafin ka biya, a Steam ko GOG ko shagon PlayStation. Masu na'urar Nintendo Switch akwai Hotline Miami Collection na 2019 da ya haɗa duka biyun, kuma ana yawan yin ragi a kansu, gara ka jira ragin da ka kai kuɗinka hannun waɗancan.