Matuƙin gwajin jirgin yaƙi ko injiniyan gwaji?

Matasa sun sha tambayata wanne za su zaɓa. Makarantar sojan sama ta Edwards a Amurka tare take horar da su, amma aikinsu daban ne.

Matuƙi ne ya fi sai da rai, kamar Chuck Yeager da ya zarce gudun sauti a 1947. Sai matuƙi ya shekara da shekaru yana tuƙi kafin a ɗauke shi, kuma ciwon ido ko na zuciya ma ya isa ya sa a sauke shi.

Injiniya kuwa shi ke tsara gwajin, idonsa na kan alƙaluma. Da ya ga girgizar fiffike ta wuce ƙima, sai ya ce a dakata. Ba a cika jin sunansa ba, wannan na damuna. Amma aikinsa ya fi ɗorewa, yakan kai mutum ga jagorancin ƙera jirgi.

Mai cikakkiyar lafiya da dakewar zuciya, tuƙi ya dace da shi. Mai son lissafi da haƙurin bin diddigi ya kama injiniyanci.